Keken da Na Ɗaura wa Jan Zare

Duk wanda ya ce don gaskiya na buɗe bakina a taron Aliero bai san ni ba. Har yau a unguwarmu a Maiyama ana cewa yarinyar nan ba ta da tsoro, malaminmu na sakandare ma ya tsayar da ni a hanya ya sa min albarka. Na amsa da amin. Amma kishi ne ya tayar da ni tsaye, kishin tobashiyata, ɗiyar kawuna, a kan keken ɗinki guda ɗaya.

Ni ɗinki na koya, a shagon wata mata bayan kasuwa. Ba ni da keke nawa. Nata nake hawa in ta tashi salla ko bayanta ya gaji, sai in yi ta sauri kamar ana korata. Ita kuwa tobashiya ko zare ba ta iya sawa a allura. Abin da ta iya tun muna yara shi ne kuka. Ta fasa kwano, ta riga ni fashewa da kuka, ni a doke ni.

Da siyasa ta matso, wani babban mutum mai neman kujera a Abuja ya ce zai raba wa mata kekunan ɗinki. Hajiya, shugabar matan mazaɓarmu, ta rubuta sunana. Ranar na riga kowa zuwa fili. Ga su nan a jere, kowane da hotonsa manne. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina taka mataki, ina juya wili, har na samu wanda yake tafiya sumul babu ƙara. Na ciro jan zare daga jakata na ɗaura masa a ƙarƙashin mataki, don in an zo rabo kada a musanya min.

Sai Hajiya ta jera mu, kowace a bayan keke, za a ɗauki hoto. Ta jawo tobashiya ta tsayar da ita a bayan nawa, ta miƙa mata lasifika.

"Ranka ya daɗe, ni marainiya ce," in ji ta, hawaye shaa. "Yau ka zama ubana."

Kawuna a lokacin yana kasuwa yana cinikin albasa, lafiyarsa lau.

Aka yi guɗa, aka watse, aka mayar da kekunan cikin mota. Wai za a kawo mana gida in an gama tantancewa. Muka koma da taliya da turmin atamfa mai fuskarsa.

Bayan mako aka kwashe mu zuwa Jega, Hajiya ta ce kowace ta canza hijabi. Ina shiga fili na sunkuya kamar takalmina ya cire. Jan zarena yana nan. A nan na gane komai: kekunan Maiyama ne ake yawo da su. Bari in faɗi wadda ba a so: ba ƙaryar ce ta dame ni ba, wadda aka zaɓa ta yi ta ce. Ita ke gidan gaba a mota, ita ake ba ruwan sanyi, ita babban mutumin ke tambaya.

Na ce, "Hajiya, ni ma a ba ni lasifikar nan mana. Ni ce na iya ɗinkin."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke? Da wagga huska taki awa kin sha maɗaci? Wa za ya ji tausayinki?"

Tobashiya ta ɗora min jakarta a cinya. "Riƙe min, baiwata. In na koma Abuja ke za ki riƙa yi min ɗinki."

"Ki bari ki iya ɗaura zane tukuna," na ce. Ta yi dariya. Ni ban yi ba.

A Aliero ta zama bazawara mai yara huɗu. Ta dafa kekena, ta kwantar da kai a kansa tana shessheƙa, babban mutumin ya ciro hankici yana goge ido. Hannunta ne a kan wilin nan ya ƙarasa ni. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Ku duba ƙarƙashin matakin keken nan! Jan zare ne, ni na ɗaura shi a Maiyama! Shi ne a Jega, shi ne nan! Wannan kuma ko aure ba ta taɓa yi ba!"

Wani ya ɗauka a waya. Hajiya ta hana ni shiga mota, a bayan mashin na dawo gida. Kafin in iso maganar ta riga ni. Inna ta tare ni a zaure. "Ɗiyar ƙanena kika tozarta a gaban duniya? Da wane ido zan dube shi?"

Kwana biyu bayan nan sai ga kiɗa a ƙofar gidan kawu. Mutanen babban mutum ne da masu hoto, sun zo su nuna wa duniya cewa sharri na yi. Suka sauke keke ɗaya, suka shigar da shi ɗakin tobashiya. Na leƙa ta kan katanga. Ko zaren ba su cire ba. A duk matan da aka yi yawo da mu gari uku, ita kaɗai ta samu keke, kuma bakina ne ya ba ta. Ranar ban ci tuwo ba.

Ba a yi wata ba sai ga Hajiya a gidanmu da sabuwar atamfa, fuskar abokin hamayyarsa a ƙirjinta. Ta sauya sheƙa.

"Ɗiyata, yanzu huskar taki ta yi rana. Ki zo taronmu ki hwaɗi abin da kinka gani. Mu ma muna da kekuna."

"Daga ina?"

"Wurin mai ba da hayar rumfa da kujeru mana. Da can ma nashi ne. Guda ɗai anka saya don rufe bakinki."

"In na yi magana za a bar min ɗaya?"

"Sai an tantance."

Na ce ta gaida gida. Wannan ma an ce min jarumta ce. Da ta ce za a bar min, da na je.

Jiya Inna ta aike ni gidan kawu da fura. Keken yana bayan ƙofa, an jera masa kwanonin samira, ƙura ta cika wilin. Tobashiya ta bi idona da kallo.

"Kin zo gaida kekenki?"

"Ko mai ba ki ɗiga masa ba, muguwa."

"Ina na san inda ake ɗigawa?" ta ce, wannan karon babu dariya.

Na fito, zuciyata na tafasa har gida. Amma na yanke shawara. Gobe da hantsi zan ɗauki mai da allura da yadin da aka kawo min tun makon jiya, in je in sauke kwanonin nan da hannuna. Za ta kira ni baiwa, zan ƙyale ta. A ɗakinta zan zauna in yi ɗinkina, kuma jan zaren ba zan kwance shi ba.