Malam Ta-Yaya da Dangwalin Baitoci

Duk wanda ya saba bin hanyar Toranke da sassafe ya san keken Malam Maiwada. Kowane sashe na keken nan yana ƙara, ban da ƙararrawa. Da ya idar da sallar asuba ya sha kokonsa, sai ya ɗaure allon bango a baya, ya zuba alli a aljihu, ya nufi ajinsa na yaƙi da jahilci, inda magidanta masu furfura ke fama da a, ba, ca, da. Wannan shi ne aikin da aka ɗauke shi dominsa a 1961, shi ne kuma ya ajiye a watan jiya, bayan shekara goma sha bakwai. Amma ba saboda shi na ɗauki alƙalami ba. Akwai wani aikin da ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya taɓa ce masa sannu a kansa.

In an tashi daga aji, Malam Maiwada ba ya komawa gida. Duk inda ya ji an ce akwai mai rubutu, ko na ajami ko na boko, ko waƙa ko labari, daga Ajingi har Kademi har cikin Gaya, sai ya je ya yi sallama, ya tuɓe takalmi, ya fito da ɗan littafinsa mai jan bango. Sauran mutane cewa suke, "Malam, rera mana." Shi kuwa sai an gama rerawa yake soma nasa. "Allah ya gafarta Malam, wannan baitin ta yaya ya zo maka? A zaune ko a tafe? Kalmar nan da ka kankare, me ta yi maka?" Tun ana amsa masa da fara'a har aka koma ɓuya a bayan rumbu in an jiyo kukan kekensa. Daga nan aka laƙaba masa Malam Ta-Yaya, shi kuma ya amsa, har ya fi son sa da sunan yanka.

Ko matan kulle ba su tsira ba. A Kademi akwai Barira, wadda ke tsara waƙoƙin wa'azi da mata ke rerawa a gidan suna. Tun da ba shi da ikon wuce zaure, sai ya riƙa tura mai ɗakinsa Baiwa da tambaya uku uku, ta shiga ta fito masa da amsa. Na ga abin da Barira ta aiko a rubuce: "A gaya wa Malam, ni a bakin turmi nake gwada baiti. In ya sa na tsayar da taɓarya, to gurgu ne." Shi ya kawo mini wannan magana har gida, lokacin da nake koyarwa a Gaya ina ta cika takardu da labarin da ni kaɗai nake jin daɗinsa. Ya ce in karanta da ƙarfi, ya zauna ya rufe ido. A shafi na biyu ya ce, "A nan taɓaryar ta tsaya." Na ji haushi ƙwarai, don gaskiya ya faɗa. Duk abin da na rubuta tun daga ranar, sai na bi shi da kunnen mutumin nan.

Na sha jin ana cewa ɓata lokaci yake yi. Wani ma ya ce a gabana, mai cin tuwo ba ya tambayar yadda aka yi talge. Damina ta 1975 ce ta rufe bakin kowa.

A Gafasa akwai wani dattijo, Malam Bubayero, Bafillace da kakanninsa suka ajiye sanda suka kama fartanya. Shekara ashirin ya yi yana tsara waƙa guda da ajami, tarihin yadda kakansa ya taso da shanu daga gabas, da wahalar da suka sha, har suka haƙa rijiya suka zauna. Bai taɓa rera ta gaba ɗaya ba. Yakan ɗan tsakuro wa baƙo baiti biyar ko goma, ya ce sauran sai ta nuna. Takardun warwara ne, guda ashirin da takwas, cikin gafaka, kamar yadda malamanmu ke ajiye littafi, ba ɗinki ba lamba. Abin da ke nuna wadda ke bin wata shi ne kalma guda da ake rubutawa a can ƙasan takarda, wato kalmar da ta gaba za ta fara da ita.

A shekarar nan ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya ɗauke masa ɓarin dama da harshe. Yana kwance aka yi wani ruwa mai iska da ya rusa bangon ɗakin karatunsa. 'Yarsa Hajo ce ta tsinto takardun daga cikin ƙasa, ta shanya su a kan tabarma. Da aka duba sai aka ga ashe gara ta daɗe da shiga gafakar, ta bi gindin takardun ta cinye kalmomin nan kaf. Baitoci suna nan, amma ba wanda ya san gaba da baya.

Babban ɗansa Hamma, wanda ke aikin malamin gona, ya ce wannan ai ba abin tashin hankali ba ne. Ya lura takarda ɗaya ta fara da alif, wata da ba, ya gane kowace da harafinta, sai ya jera su yadda aka koya mana a allo, alif, ba, ta, har ƙarshe. Ya tara dangi ranar Juma'a bayan la'asar, aka jingina tsoho da bango, ya soma karantawa. Takarda biyu na farko lafiya lau. Daga ta uku sai ga ayarin kakan ya riga ya sauka a Gafasa alhali bai tsallake kogi ba. Can gaba aka yi jana'izar kakan, aka yi masa addu'a, bayan takarda huɗu sai ga shi a cikin rijiya yana haƙa. Wasu suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Hajo ce ta dubi fuskar mahaifinta, ta ga hawaye na bin gemunsa, yana ta girgiza kai, bakinsa na motsi ba abin da ke fita.

Ta ce, "Hamma, tsaya. Baffa bai yarda ba."

Ya ce, "To ke kin san daidai ɗin?"

Ba ta sani ba, kuma ba wanda ya sani. An kira malamai biyu sun gwada jera ta da ma'ana, sun rabu baran-baran, kowa na cewa nasa ne. Jikin tsoho kuma kullum baya yake yi. Kowa ya san abin da ake tsoro, kada mutumin nan ya tafi yana ganin aikin shekara ashirin a hargitse, shi kaɗai ya san gyaran, ba shi da bakin faɗa.

Hajo ce ta tuna da mai jan littafi. Ta ce, "Wannan mai damun Baffa da tambaya, a nemo shi."

Ni na raka shi, don haka abin da zan faɗa da idona na gani. Bai ɗauki komai ba sai littafi ɗaya, na tara a cikin jerin nasa. Ya durƙusa gaban tsoho ya gaishe shi kamar yadda ya saba, ya buɗe shafi, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, hirarmu ce ta shekara tara da suka wuce, ranar kasuwar Ajingi. Zan karanta, in na yi maka ƙarya ka ɗaga hannu." Sai ya karanta, da muryarsa da ta tsohon duka:

"Na ce, in iska ta watsa takardun nan, ta yaya za ka gane jerinsu? Ya nuna mini kalmar ƙasa, ya ce wannan ko ɗan shekara bakwai ya sani. Na ce, in gara ta ci kalmar fa? Mutanen zaure suka yi mini dariya. Shi ma ya yi, ya ce, kai Maiwada ba ka gajiya. Sannan ya ce, ka san dangwali, igiyar da muke ɗaure maruƙa? Kowane maraƙi ya san madaurinsa, ko a sake su ɗari ba mai shiga na wani. Haka na ɗaure takardun nan ta goshi, ba ta ƙafa kaɗai ba. Amma ba da alif, ba, ta na masu koyon baƙi ba. Da abajada na ɗaure su, jerin da muke lissafi da shi. Bayan ba, jim za ka nema."

Ɗaya daga malaman nan biyu ya dafe kai ya ce, "Abajada! Kullum a bakinmu, kuma ba wanda ya tuna." Hamma da kansa ya zube takardun a kan buzu yana kira, alif, ba, jim, dal, Hajo na miƙo masa. Kafin a kira magariba an jera ashirin da takwas cif.

Washegari da hantsi aka sake tara jama'a, wannan karon har da maƙwabta da mutanen ƙauyukan gefe. Ayari ya tashi daga gabas, ya tsallake kogi a lokacin tsallakewa, kaka ya haƙa rijiyarsa da ransa, ya sha ruwanta, sannan ya rasu. Ni dai idona na kan hannun hagun Malam Bubayero. Tun daga takarda ta uku yatsansa ya soma buga tabarma yana bin karin waƙar, bai tsaya ba har baitin ƙarshe. Mata suka yi guɗa daga cikin gida, dattawa na ta share ido da bakin rawani. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Kai ne, Malam Maiwada, na Baiwa, matambayi ba ya ɓata. Kai ne ka yarda a yi maka dariya a zauren mutane don kada abin da ke cikin kan dattijo ya bi shi kushewa. Ba ka tsara baiti ko ɗaya ba, ba ka rubuta labari ba, amma ka san yadda marubutan ƙasar nan ke aikinsu fiye da yadda 'ya'yansu suka sani. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya sa ka huta lafiya, ko da yake na san keken nan ba hutawa zai yi ba.

Ku kuma masu karatu, kowannenku akwai wani tsoho ko tsohuwa kusa da shi da ya iya wani abu. Kun sha cewa ya yi muku, kun yaba, kun tashi. Gobe in ya gama, ku zauna ku tambaye shi ta yaya, ku rubuta amsar ko da ana dariya.

Wanda ya je Toranke, Malam Maiwada zai buɗe masa akwatin ƙarfe ya nuna masa jajayen littattafai arba'in, daga na ɗaya har na arba'in da ɗaya. Na tara ba ya ciki. A ranar nan ta Gafasa, da aka gama karatu aka mai da takardu cikin sabuwar gafaka, Malam Bubayero ya miƙa hannunsa mai rai ya zare littafin daga cinyar Maiwada, ya tura shi cikin gafakar tare da waƙarsa, ya yi wa Hajo alama ta ɗaure. Tsohon ya rasu da kakar shekarar nan, kuma har yau a Gafasa duk wanda ya kwance gafakar nan, littafin bokon ne yake fara cin karo da shi.