Rabe Mai Feshi da Laimar Bafaranshe

Rabe ɗana ne na fari, don haka ban taɓa kiran sunansa ba yana raye. In da shi nake magana sai in ce "kai", in da wasu ne in ce "yaron nan". An haife shi a Funtuwa a 1963, ina ɗalibin aikin gona a jami'a a Samaru, ya rasu da daminar 1989.

Bai yi nisa a boko ba, kuma har yau ban san dalili ba, don kansa yana ja. Ya bar sakandare a lokacin da noman auduga ke tashe, ya shiga cikin samarin da ake ɗauka feshin maganin ƙwari. Ni ne malamin gonar da ke koyar da su, kuma darasin farko kullum ɗaya ne: a ba iska baya. Wanda ya fuskanci iska yana feshi, shi zai sha maganin, ba tsutsa ba. Kafin a fara aiki, mai feshi zai ɗebi ƙasa da yatsu ya saki, ya ga inda ta nufa, shi ma ya nufi can. Abin ya shiga jikin Rabe har ya zama ko hira yake yi a ƙofar gida, in iska ta taso sai ka ga ya juya.

Daga feshi ya koyi gyaran injinan feshi masu mota, irin waɗanda ake goyawa a baya. Ya kafa rumfa kusa da tasha, jikin shagon abokinsa Ganiyu, Bayarabe haifaffen Funtuwa mai sayar da kayan gyara, wanda bakinsa ya fi reza kaifi.

A ƙarshen 1988 wani Bafaranshe da ke aiki da wani kamfanin auduga ya kawo masa gyara. Inji ne na goyo kamar na feshi, sai dai ya fi girma, kuma yana da farfelar katako a cikin zoben ƙarfe. Mutumin ba ya jin Hausa, Turancinsa kaɗan ne, da hannu suka yi ta magana. Da injin ya tashi, ya buɗe wata jaka ya nuna wa Rabe wata ƙatuwar laima mai igiyoyi da yawa, ya nuna sama, ya nuna bayan gari, ya ce gobe.

Washegari tayar keken Rabe ta yi faci a hanya. Ko da ya isa, mutumin yana sama, zaune a ƙarƙashin laimar, injin na kuka a bayansa. Rabe ya ga tafiyar, ya ga saukar, amma bai ga tashin ba. Bai sake samun damar gani ba, don ba a jima ba aka kira Bafaranshen gida bagatatan. Da zai tafi ya ajiye injin da jakar a rumfar Rabe, ya dafa kafaɗarsa, ya faɗi wata doguwar magana da ba wanda ya gane.

Akwai wani dattijo Bamaguje, Maikuɗi, da na sani ta wurin aiki, yana da fako mai faɗi a bayan gonarsa a hanyar Malumfashi. Shi ya ba Rabe da Ganiyu wurin gwada tashi da laimar. Rabe zai ɗebi ƙasa ya saki, ya shimfiɗa laimar a bayansa ta inda iska ke fitowa, ya goya injin, Ganiyu ya ja igiya ya tayar, sai gudu. Laimar takan ɗaga kaɗan, ta wuce kansa, ta faɗo gabansa ta rufe shi.

"Ga amarya an lulluɓe!" in ji Ganiyu. "Sai a kawo kuɗin sayen baki."

"Zo ka cire ni, ɗan banza, igiya ta shaƙe ni."

Shekaru bayan rasuwarsa, wani matuƙin jirgin feshin tsuntsayen janbaki ya gaya mini cikin hira cewa duk abin da ke da fiffike, tsuntsu ko jirgi, iska yake fuskanta in zai tashi. A lokacin babu ɗayanmu da ya san haka. Ni karatuna na ƙasa ne da tsiro. A hankalinmu duka, wanda iska ke turawa ta baya shi ya fi kusa da tashi.

Haka aka ci rani. Rabe ya canja fulogi, ya canja haɗin mai, ya rage cin tuwo don ya rage nauyi. Gwiwoyinsa ba su taɓa warkewa ba saboda faɗuwa. Wata ranar Juma'a matarsa Maijidda ta zo gidana, ta durƙusa daga nesa, cikinta ya fito.

"Baba, ni ba ƙara na kawo ba. Amma rumfa tana rufe, mutane na kawo gyara suna komawa. Jiya da jini a goshi ya dawo. In tashin zai yi, ya tashi mu huta. In ba zai tashi ba, a gaya masa."

Na aika aka kira shi. Na tambaye shi me yake nema a sama. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi Baba ban sani ba. Na dai ga mutum a can, kuma ni na gyara injin da ya kai shi."

Na ce masa yana da daga nan zuwa ruwan fari. In ruwa ya sauka bai tashi ba, ya naɗe laimar, kada in sake jin zancenta. Ya ce ya ji. Ba yaro ne mai saɓa magana ba, mu duka mun san in ruwa ya riga shi, shi ke nan.

Da bazara ta kama, hadari ya fara haɗowa da yamma yana watsewa, sai na ga ya kamata in je in gani da idona. Na isa fakon da hantsi. Maikuɗi na zaune a gindin ɗorawa yana fiƙe ƙotar fartanya.

"Malam, ka zo kallon ɗanka? Zauna. Kullum abin ɗaya ne, amma ba ya ginsa."

Rabe ya saki ƙasa. Wata 'yar iska marar ƙarfi ta kai ta kudu maso yamma, shi ma ya fuskanci can, laima a bayansa. Sai injin ya ƙi tashi. Ganiyu ya ja igiya har zufa ta jiƙe rigarsa, yana zagin injin da Hausa, yana zagin mai shi da Yarbanci. Suna cikin haka na ga ganyen ɗorawar ya juya. Iskar bazara ce ta taso daga kudu, mai sanyi, tana bugun Rabe a fuska. Daidai nan injin ya kama.

"Kashe, kashe!" in ji Rabe. "Iska ta juya, sai mun sake shimfiɗa!"

"In na kashe wannan ba zai sake tashi ba sai baɗi! Gudu, malam, gudu!"

Ya ruga yana kawar da fuska gefe kamar mai gudun hayaƙi. Laimar ta cika, ta miƙe a kansa, ta tsaya. Ban taɓa ganin faɗinta ba sai ranar. Ƙafafunsa suka ci gaba da gudu bayan sun bar ƙasa. Na miƙe na buɗe baki in kira shi, sai na rasa da me zan kira shi, na tsaya baki buɗe.

Ya wuce tsayin ɗorawar. Ya ƙetare fakon, ya ƙetare gonar Maikuɗi, awaki na watsewa a ƙarƙashinsa. Can injin ya yi tari ya mutu, laimar ta sauko da shi a hankali, sannan da sauri, cikin tarin karan dawa. Muka same shi a zaune, lafiya lau in ban da ƙujewa. Farfelar ta rabe biyu.

Nan take gardama ta tashi. Ganiyu ya ce sabon fulogin da ya sa ne. Maikuɗi ya ce masu wurin ne, wato aljanun fakon, suka gaji da ganin faɗuwa suka ɗaga shi, kuma ya kamata a ba su zakara. Rabe ya ce shi dai abin da ya ɗaure masa kai, ya tashi duk da iska ta ɓata masa shiri, to da ta tsaya a bayansa fa, da ina zai kai? Suka juyo gare ni, tunda ni ne mai digiri. Na ce ina ganin ya fi gudu yau.

"To me ka gani a can?" in ji Ganiyu. "Ka hango Funtuwa?"

Rabe ya sosa ƙeya. "Ban ga komai ba."

"Kamar yaya?"

"Iska na dukana a fuska. Na rufe ido."

Maikuɗi ya yi dariya har ya kwanta a kan karan. Ganiyu ya ɗora hannu a ka yana salati irin na wanda aka yi wa sata.

A hanyar komawa Rabe ya tambaye ni ko wannan ya shiga lissafin tashi, tunda bai gani ba. Na ce ya shiga, ya kuma riga ruwa, don haka maganata ba ta hau kansa ba. Ya ce to da kaka, in an kwashe amfani, zai sake, kuma wannan karon zai buɗe ido. A makon ruwa ya sauka. Ya buɗe rumfarsa, ya kai ɓangarorin farfelar biyu wurin wani masassaƙi a wani ƙauye bayan Malumfashi don a sassaƙo masa irinta da maɗaci.

Maijidda ta haifi mace a watan Yuli. A watan Agusta ciwon shawara ya kama Rabe. Mun kai shi asibiti, aka yi abin da za a iya. Bai ga kaka ba.

Bayan sadakar arba'in masassaƙin ya yi sallama a ƙofar gidana, da farfela a naɗe cikin buhu. Ya je rumfa ya tarar a rufe, aka kwatanta masa gidan, amma ba a gaya masa komai ba. Na gaya masa. Ya yi addu'a, sannan ya kwance buhun, tunda ya riga ya kawo. Ya ce bai taɓa sassaƙa irinta ba, yana so ya san ko ta yi daidai. Na karɓa na juya ta a hannuna, na duba wannan gefe, na duba wancan. Na ce masa ban sani ba.