Jar A-kori-kurar da Baffa Ya Zaɓa

Ranar Talatar da ta wuce ina tsaye a bakin titi a unguwar Al Mirqab ta Doha ina jiran maigidana, sai wata babbar mota ta taka birki da ƙarfi a gabana. Ƙaurin taya ya daki hancina, kafin in ankara na koma 'yar shekara tara a Mu'aither, tsaye a tsakar gidan da ba namu ba, ina nuna wata jar mota da ɗan yatsa. Mai karatu, har yau ban yafe wa yatsan nan ba, balle wanda ya sa na ɗaga shi.

A ɗakuna biyu muke zaune a bayan gidan kafil ɗinmu, wato Balaraben da takardun zamanmu suke hannunsa. Umma ce mai girkin gidan, Baba kuma direba. Da rani bangon ɗakinmu yakan yi zafi har ba a iya jingina, da sanyi ya shigo kuwa sai gidan ya cika da ƙamshin gahawa da turaren wuta, ni kuma in zauna a gindin dabino ina kitsa ranar da wani kyakkyawan saurayi zai zo ɗaukata a mota mai ƙyalli. Irin yarinyar da nake ke nan, komai na gani sai na saƙa masa labarin soyayya.

Baffa, yayan Baba, shi ne shugaban direbobin gidan. Shi ya fara zuwa Doha, shi ya iya Larabci, shi kuma ya yi wa Baba hanya. Bai taɓa barin mu manta da hakan ba, ko da a gaisuwar safe. Mutum ne mai yawan turare da ƙaramar zuciya. A gida motar kasuwa ya tuƙa, irin wadda ake yi wa lodi har sai ta durƙusa. Baba kuwa shekara goma sha biyu ya yi yana jan tirela tsakanin Kano da kudu.

A sanyin shekarar da na cika tara ne ɗan kafil ya kamu da son tseren mota. Aka sayo masa motar tsere, ƙasa-ƙasa da ita kamar ƙadangare, da rufaffiyar tirelar da za a riƙa saka ta a kai ta filin tsere can arewacin gari. Abin da ya rage shi ne a-kori-kurar da za ta ja tirelar, kuma Baba aka ce zai riƙa tuƙawa. Dillali ya kawo guda biyu har tsakar gida wata ranar la'asar. Ɗaya ja ce, gajeriya, mai ƙofa huɗu da kujerun fata, ƙarafanta suna ɗaukar ido. Ɗayar fara ce, doguwa, mai shan dizal, ba ta da wani fasali, kai ka ce motar kwasar siminti.

Ina ganin Baba ya wuce jar ko kallon fentinta bai yi ba. Ya buɗe ƙofa ya durƙusa yana karanta wata 'yar takarda da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar, inda ake rubuta iyakar nauyin da mota za ta ɗauka. Ya leƙa ƙarƙashi ya taɓa ƙugiyar da ake maƙala tirela. Ya auna tsakanin tayar gaba da ta baya da takunsa. Ya yi wa farar haka ita ma, leɓensa yana motsi, yana lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ya buɗe baki ke nan zai yi magana Baffa ya riga shi. Ya daki jar da tafin hannu ya zuba Larabci, kafil yana gyaɗa kai. Sai Baffa ya hango ni a gindin dabino.

"Ke amaryar gobe, zo nan. A wace za a kai ki gidan miji?"

Na nuna jar. Kowa ya fashe da dariya, ɗan kafil har da tafi. Kafil ya dubi Baba ya tambaye shi ko yana da ta cewa. Baba ya dubi yayansa, ya dubi ƙasa, ya girgiza kai. Kafil ya ce, "Khalas," wato shi ke nan. Aka mayar da farar.

Ba a jima ba na tarar da iyayena a ɗaki, Umma tana tsintar shinkafa tana watsa tsakuwa kamar da mutum take faɗa. Baba yana yi mata lissafi: tirelar kanta, motar tseren, tayoyin canji, akwatin spana, jarkokin mai, ga mutum huɗu a ciki. Ya ce jar ba ta da nauyi, kuma gajeriya ce, tirelar za ta riƙa kaɗa ta. Ita farar ce ke da abin da ke kama birkin tirela daga cikin mota. Ya ce jan tirela ba wuya ba ne, kowace mota za ta ja, tsayawa ce ake tsoro.

"To bakinka ɗinke shi aka yi?" in ji Umma.

"In ƙaryata Yaya a gaban Balarabe?"

"Shi zai riƙe sitiyarin ko kai? Wallahi kunyar nan taka sai ta kwana da mu a titi."

Washegari Baba ya sami Baffa shi kaɗai a bakin gareji, ya rage murya ya yi masa bayani. Ina jin amsar daga inda nake shanya. "Ni na ɗauko ka daga tasha kana kwana a ƙarƙashin tirela, yau kai za ka koya mini mota? Je ka goge madubi, malam." Sai Baffa ya yi abin da ya saba yi wa motocin kasuwa a gida: ya kai jar wurin bakanike aka ƙara mata sifirin a baya. Ta dawo ta ɗaga gindi tana taƙama. Baba ya zagaye ta sau ɗaya ya ce a hankali, sifirin ba ya ƙara birki.

Sau biyu suka je suka dawo lafiya, Baffa yana tsayawa a bakin ƙofa yana cewa, "Babban direban tirela, ya aka yi ba ku mutu ba?" A na uku, da hantsi, iska tana kaɗawa daga teku, wata babbar mota ta wuce su da gudu dab da wani shataletale. Tirelar ta fara lilo. Baba ya taka birki, jar ta yi niyyar tsayawa, tirelar ta ƙi, ta tura ta gaba, suka naɗe suka hau tsakiyar shataletalen. Allah ya tsare rai. Amma motar tseren ta tsinke ɗaurinta a ciki ta farfashe gabanta. Da aka dawo da Baba da jini a gira na ruga na rungume shi, rigarsa tana ƙaurin nan da na shaƙa ranar Talata.

Umma ce ta kai gahawa bakin ƙofar zauren kafil, ta tsaya a bayan labule ta ji sauran. Kafil ya tambayi Baba ko ya san motar ba za ta iya ba. Baba bai iya ƙarya ba, ya ce ya sani. Aka ce to me ya hana shi faɗa. Ya dubi yayansa yana jiran ya yi magana. Baffa ya ja carbi, ya ja, sannan ya ce ai ƙanen nasa tun yana yaro ƙafarsa nauyi gare ta a kan totur, gudu ne ya ja masa. Kafil ya ce shi ba zai riƙe direban da ya ga haɗari ya kame baki ba. Kafin sanyin ya fita muna Kano da akwatuna huɗu.

Baba bai sake samun tsayayyen aiki ba. Amma har ya bar duniya, kowace sallah shi yake fara kiran waya, yana durƙusawa kamar ana ganinsa: "Yaya, an yi sallah lafiya?" Ni kuwa in fita daga ɗakin don kada in ji.

Aure ya dawo da ni Doha, muna Madinat Khalifa yanzu. Saurayin mafarkina bai zo a jar mota ba, a bas ɗin kamfani ya zo, kuma na gode Allah. Shataletalen nan an rushe shi an sa fitilu, ko wurin ba na ganewa sosai. Samarin direbobi na yanzu a waya suke duba nauyin mota, su nuna wa maigida lambobin ido da ido, ba wanda ya ce sun yi rashin kunya. Baffa yana nan, ya tsufa, gadi yake a wani bene, kuma duk Juma'a yana zuwa cin tuwo gidana don maigidana ya ce zumunci ne.

Jiya Baffa ya sake ɗauko labarin haɗarin a gaban baƙi, yana suɗe hannu, har ya kai kan nauyin ƙafa. Na ajiye tulun ruwa. Na ce, "Baffa, farar Baba ya zaɓa. Ya same ka a bakin gareji ya faɗa maka, ina wurin ina shanya. Kai ka sa aka ƙara sifirin."

Maigidana ya zuba mini ido. Baffa ya ce, "'Yar ƙanena ce za ta ƙaryata ni a gaban mutane?"

Na ce, "Ƙanen naka ai bai yi ba, ka ga inda ya ƙare."

Bai ƙarasa tuwon ba. Na san za a kira ni daga gida a ce na ci mutuncin babba, kuma zan saurara in ba da haƙuri. Amma malmalar da ya bari na juye ta a shara da hannuna, hannun nan mai yatsan, kuma ko ɗar ban ji ba.