Turmin Ɗan Maƙeri

A gidanmu na Matameye, da an ci tuwo sai mu kewaye murhun Iya, kakarmu. Rani ne, Baba ya tafi ci-rani Kano, mu kuma kullum tambayarmu ɗaya: me ya sa yake tafiya ya bar mu? Iya ba ta amsa tambaya kai tsaye, sai dai ta gyara itace ta kawo tatsuniya.

Ta ce wani ɗan maƙeri ne ya so hawa sama ya ga wata kusa. Ya cika turmi da gawayi, ya huda gindinsa, ya hau kai yana zuga. Wuta na feshi ƙasa, turmi na rawa, amma ko motsi. Mutanen gari suka yi ta dariya.

"Ƙasa ce ta riƙe shi," in ji Iya, tana damƙe ƙafata. "Uwa ce, ja take yi. Sai turin wutarka ya fi janta."

Yaro ya ƙara zuga. Turmi ya ɗaga kamar tsawon tafin hannu, da ƙyar. Gawayi na cinyewa, nauyi na raguwa, gudu na ƙaruwa, har ya zama ɗigo a sama. Na tambaye ta ko ƙasa ta yi kuka. Ta ce in rufe mata baki, barci take ji.

Yau shekaruna sun kai nata na lokacin. Autana Habibu ya ci bak, jarrabawar gama sakandare, ya samu gurbin karatun injiniya a ƙasar waje, ni kuwa na kafe ba inda za shi. Wallahi tsoro nake ji, tunda babansa ya rasu shi kaɗai nake gani in ji sanyi.

Rannan ya zauna kusa da ni yana kallon tashin kumbo a wayarsa. Na leƙa. Ga wuta na feshi ƙasa, ga abu tsaye kamar ba zai tashi ba, sannan ya ɗaga a hankali. Habibu ya ce yawancin nauyinsa mai ne, yana ƙonewa yana ƙara gudu, kuma rabuwa da ƙasa ce ta fi cin mai. Turmin Iya ne sak, har da rawar.

Sai na gane a wannan tatsuniyar ni ce ƙasar, yaron nan kuma ƙarfinsa yake ƙonawa a kaina.

"Habibu, yaushe ne tafiyar?"

Ya ɗago ya kalle ni. Na tashi na shiga daka masa dakuwar guzuri. Iya ba ta ba ni amsa ba a wancan lokacin, amma yanzu na sani: ƙasa tana kuka, kuma tana saki.