Takalman Ranar Gudu

Shekara talatin Baba Basilla ya yi yana gyaran takalma a bakin babban titi, kuma ban da ruwan sama babu abin da ya tsana kamar masu zanga-zanga. Su toshe masa rumfa, su cika masa kunne da ihu a kan famfon da ya ƙafe, da an harba barkonon tsohuwa kuwa sai kowa ya ranta a na kare, a bar titi cike da warin takalma.

Shi ke tsince su. Yana tsaki yana zubawa a kwando, washegari masu su su zo suna sunkuyar da kai.

"Ku da za ku gyara ƙasa, takalminku ma ya gagare ku riƙewa!"

Ƙuri'arsa kuwa ta gado ce. Jam'iyyar da ubansa ya dangwala wa, ita yake dangwala wa, ko da ruwa ko babu. Ya gargaɗi 'yarsa, malamar firamare, har bakinsa ya gaji: kada ya kuskura ya gan ta cikin waɗannan marasa aikin yi.

Ran wata Talata yana tsintar da ya saba, ya ɗago wani baƙin takalmi, ƙafar hagu. Ɗinki biyu-biyu a dunduniya, ƙulli a ciki don kada ya ci ƙafa. Mutum ɗaya yake yi wa wannan ɗinkin a duniya.

A asibiti ya sami 'yar tasa. Motar 'yan sanda ce ta bi ta kan ƙafar.

"Ban hana ki ba? Wane irin kunnen ƙashi ne wannan?"

"Baba, 'yan ajina wata huɗu suna zuwa ba wanka."

Faɗa ya yi ta yi, hawaye na zubo masa. Da yamma rediyo ta ce 'yan iska ne aka tarwatsa, babu wanda ya ji ciwo. Ya kashe ta, har yau bai sake kunnawa ba.

Ƙafar ta warke, amma ta gajarce. Shi da hannunsa ya ƙara wa takalmin hagun tsayin yatsa biyu, yana yi yana mita. Duk wanda ya zo gyara sai ya tambaye shi na wane ne, shi kuma sai ya faɗa, tun daga farko. Kafin zaɓe babu gidan da labarin bai shiga ba.

A layin zaɓe mai shayi ya tsokane shi. "Tsoho, yau ma ta gadon ce?"

"Kai dai matsa gaba, kana ɓata mana lokaci."

'Yar tana gabansa. Har suka kai akwati idonsa na kan dunduniyarta ta hagu.