Jan Biro a Takardar Jinin Inna

Shekarar da aka mai da ni koyarwa a wata firamare cikin garin Gumel ce Inna ta fara kukan ƙafafunta sun yi mata nauyi. Tun rasuwar mahaifinmu take zaune a Ɗanzomo, gidan yayana. Hawan jini ta daɗe da shi, kullum da safe takan haɗiye ƙwayarta guda da ruwan randa, ba ta fashi. Amma wannan karon cewa ta yi in ta miƙe daga tabarma sai ta ji kamar ƙafafun aro aka ba ta. Na sa aka kawo ta wurina, muka je asibiti aka ɗebi jini, aka ce a dawo washegari.

Ni kaɗai na koma karɓar sakamako. Takarda ce guda, cike da haruffa da lambobi, an zagaye layi ɗaya da jan biro: harafin K, a gabansa biyar da ɗigo tara. Na tambayi ma'aikacin ɗakin gwaji me hakan ke nufi.

Ya ce, "Fotasiyam ɗinta ne ya hau. Ki kai ta wurin likita yau, kada ki bari sai gobe."

Na ce, "Mene ne kuma fotasiyam?"

Mutane sun yi layi a bayana, har ya miƙa hannu yana karɓar takardar wani. Ya ce, "Wani sinadari ne a jini. Dangin su kanwa."

Da kalmar nan na fito. Kanwa. Ga K a takarda, ga kanwa a bakin ma'aikaci, ga kuma Inna da ba ta wuce kwana biyu ba ta dama kunun kanwa ba. Na san takardar da Turanci aka rubuta ta, ni da nake koyar da baƙaƙe, amma a ranar ko kusa hakan bai zo min a rai ba.

Na tari adaidaita sahu na koma gida na ɗauko ta. Likitan saurayi ne mai saurin magana. Ya sa aka manna mata wayoyi a ƙirji aka duba bugun zuciyarta, ya ce da sauƙi. Ya ce wani lokaci jinin ne ke lalacewa a kwalba kafin a auna shi, sai lambar ta hau alhali ba haka take a jiki ba, don haka a sake ɗiba. Aka sake, ta sauko kaɗan, amma ba ta koma daidai ba. Ya tambayi Inna wane magani take sha.

Ta ce, "Fara ce, 'yar ƙarama."

"Mama, sunanta nake nema."

"To ai ni ban tambaye ta ba."

Kwalin yana gida. Ya ce mu dawo bayan kwana biyar da duk magungunanta, kafin nan ta rage ayaba da dabino da tumatir da dankali. Ina ta gyaɗa kai, a raina ina mamakin me ya haɗa ayaba da kanwa. Ban tambaye shi ba. Gani nake na riga na san kan zancen, sauran bayani ƙari ne kawai.

Da yamma na kira yayana na karanta masa takardar. Ya ce shi a ganinsa K ɗin nan ƙoda ce, don wani abokin kasuwancinsa a Maigatari haka nasa ya fara. Muka yi ta musu a waya, ni kanwa, shi ƙoda, Inna na zaune a gefe tana jan carbi tana bin mu da ido. Da na kashe ta ce, "To Malama, me kuka yanke? Da wanne zan kwana?" Haka take kirana, don ba ta faɗin sunana.

Na tattara kanwar gidan kaf, har kanwar ungurnun da Inna ta zo da ita a ƙullin leda, na kai wa maƙwabciyata. 

Inna ba ta iya zama haka kawai. In na tafi makaranta sai ta shiga kicin, in dawo in tarar da tuwo a kwano. Kwana na biyu na tarar da miyar kuɓewa mai yauƙi, koriya shar, kamar wadda aka sa wa kanwa. Na dube ta. Ta ce, "Ci abinki, ban taɓa kanwarki ba." Na ci, har na ƙara. Na ji daɗi ƙwarai da ta bi doka.

Ranar da muka koma, lambar ta haura shida. Likita ya ce sai an kwantar da ita. Na tsaya riƙe da takardar ina cewa, "Amma ai mun daina. Wallahi mun daina." Ya ce me muka daina? Na ce kanwa. Ya dube ni jim, ya ce wa ya ce mana kanwa? Sai a lokacin na tuna shi dai bai faɗa ba.

Aka sa mata ƙarin ruwa da allurai. Magungunan da ya ce mu zo da su ma mun manta su. Ya ce in je gida in kwaso duk abin da ke shiga bakinta wanda ba tuwo ba. Na dawo da jaka guda: kwalin ƙwayar hawan jini, da wani maganin ciwon gwiwa da take saye a kemis ba da sanina ba, da gorar jiƙo, da gwangwanin gishirinta. Gishirin nan ni na sayo mata shi a Kano wata shida kafin nan, bayan an ce min an yi shi ne musamman don masu hawan jini. Har gargaɗi na yi wa matar yayana kada a ƙara sa wa Inna farin gishiri a kwanonta.

Ya jera su a tebur. Ya ɗaga kwalin ƙwayar ya ce wannan takan sa jiki ya riƙe fotasiyam. Ya ɗaga na gwiwa ya ce wannan yana gajiyar da ƙoda. Jiƙon ya sunsuna ya ajiye, ya ce bai san me ke ciki ba. Da ya zo kan gwangwanin sai ya juya bayansa, ya sa yatsa a kan wani ƙaramin rubutu ya miƙo min.

Ya ce, "Malama, karanta. An rage gishiri an cika da fotasiyam. Ga wani yana da amfani, ga Mama kuwa a'a."

Na karanta sau uku. 

Inna daga kan gado ta ce, "Likita, kada ka ga laifinta. Ta hana ni kanwa, na kuma hanu. Ruwan toka kawai nake ɗan ɗigawa a miya."

"Toka?"

"Ta karan gero. Na roƙa a maƙwabta na tace."

Ya dafe goshi. Ya yi mana bayani a hankali wannan karon: kanwar da muke ci ta fi kusa da gishiri, ita ma ba ta dace da mai hawan jini ba, amma in fotasiyam ake magana, ruwan toka ya fi ta nesa ba kusa ba. Wato na kori ɗaya na buɗe wa wadda ta fi ta ƙofa. Kuma gwaji ya nuna ƙodar Inna ta ɗan yi rauni, shi ya sa ba ta iya fitar da rarar. Ashe yayana ma ya taɓa gaskiya, duk da K ɗin ba ƙoda yake nufi ba.

Na ce, "To yanzu wanne ne ya jawo? Maganin, ko gishirin, ko tokar?"

Ya ce, "Duka. Ko kuma biyu a ciki. Ba zan iya ware miki ba."

Ni kuwa warewar nake so. In gishirin ne, in san laifina ne in nemi yafiya. In ba shi ba ne, in huta. Ya riga ya juya wurin gado na gaba.

Kwana biyu ta yi aka sallame ta da sabuwar ƙwaya, wannan karon ruwan ɗorawa. A gida na durƙusa gabanta na ce ta yafe min gwangwanin nan. Ta ce, "Yo ke guba kika sayo? Magani kika sayo, bai karɓe ni ba. Tashi ki ɗora ruwa."

Bayan sati uku lambar ta dawo daidai, ƙafafun suka saki, ta matsa sai an mai da ita Ɗanzomo kafin a fara girbi. Yanzu duk wata uku yayana yake kawo ta gwaji. Matan unguwarsu da suka ji labari sukan ba ta takardun asibitinsu ta kawo min, wai ni na iya karantawa. Nakan duba, in mayar a leda, in ce ta faɗa musu su kai wa likita, kuma su tambaye shi har sai ya gaji da su.