Na Kai Ƙarar Ɗan Zanzaro Argungu

Litinin: Birnin Kebbi

Ƙarfe biyar da rabi, ana sallame sallar asuba, na fito daga gidana a unguwar Nasarawa. Lokacin duk muna Jihar Sakkwato, ni kuma shekarata biyu da gama ajin yaƙi da jahilci, ina ji kamar ni na ƙirƙiro boko.

Shinkafata ta fadama ce ta fitar da ni. Zangarniya sai ta yi fari fat, ba ƙwaya. Da na tsaga kara na tarar da tsutsa a mace, kusa da ita wasu fararen ƙunsoshi kamar tsakin shinkafa, ƙananan baƙaƙen ƙwari na fita daga ciki. Nan take na yanke musu hukunci. Na tara matan unguwa muka yi mako biyu muna murtsuke su da yatsa, na kuma sa ranar Juma'a za a yi feshin magani. Yayana Garba ya ce in dakata, na ce masa wanda bai iya rubuta sunansa ba kada ya koya mini noma. A ofishin gona aka ce mai gilashin duba ƙwari yana Argungu. Na debi ƙwarin na zuba a gwangwani, na cika da toka yadda muke ajiyar wake.

Hanya

A-kori-kura na samu, muka tashi bakwai saura kwata. Mil talatin da 'yan kai ne, amma sai tara da rabi muka isa, don taya ta yi faci. A shingen 'yan sanda wani kofur ya hango gwangwanin a cinyata.

"Inna, mi ag ga ciki?"

"Ɓarayi na kamo," na ce.

Ya buɗe ya leƙa, iska ta watsa masa toka a ido. Direba ya ce, "Ranka shi daɗe, bar ta. Tun tasha taka yi muna hwaɗa."

Argungu

Malam Bello, jami'in gona, siriri ne mai sanyin magana. Ya juye gwangwanina a kan farar takarda, ya daɗe yana tono da tsinke.

"Inna, wa yac ce ki sa su toka?"

"Wa zai ce? Wakena bai taɓa ɓaci ba."

"To wagga dabara ta karye musu hiffike da ƙaho. Da su nika gane dangi."

Wato na yi tafiyar awa uku in kawo wa ma'aikacin gwamnati shara. Ya ce a samo masu rai. Na sauka wurin ƙanwata Tumba, ta yi mini tuwon shinkafa da miyar giwan ruwa, ta yi mini dariya har ta ƙware.

Talata da Laraba

Da hantsi muka shiga gonar mijin Tumba, ruwa har gwiwa, muka yanko kara mai ƙunso. Malam Bello ya sa a kwalba ya ɗaure bakin da ƙyalle. Na wuni ina gadin kwalba kamar mai jiran naƙuda. Ranar Laraba da azahar suka fito, guda goma sha wani abu.

Malam Bello ya ɗora ɗaya a ƙarƙashin gilashi ya ce in duba. Na rufe idon da ya kamata in buɗe, na ce ban ga komai ba. Da na gyara, sai ga dodo. Ya ce in ƙirga fiffike. Na ƙirga huɗu. Ashe shi ƙuda fiffike biyu gare shi, don haka wannan ba ƙuda ba ne. Ya nuna mini ƙugu siriri, ƙaho dogo mai gaɓa-gaɓa, da jijiyoyin fiffike, ya gwada su da zanen wani littafi. Ya ce dangin zanzaro ne da rina, sunan gidansu kuma a boko Birakonidi. Haka na ji, haka na rubuta. Ainihin irinsa kuwa sai an aika mace da namiji Zariya.

"To wane magani ka kashe shi?" na tambaya.

Ya nuna mini ɗan tsinke a bayan macen. Da shi take saka ƙwai a jikin tsutsa, 'ya'yanta su cinye tsutsar daga ciki, su fito su yi ƙunso. Tsutsar ce ke cin shinkafata.

"Kin ga duk inda kinka iske ƙunso, tsutsa ta mutu? Im kinka yi heshi, su za su hwara mutuwa. Tsutsa tana cikin kara, magani bai isa gare ta."

Na tambaye shi ko mutum zai iya rage su da hannu, misali wata mata da na sani. Ya dube ni.

"Kwana nawa tay yi?"

"Sha huɗu."

Ya rufe littafinsa.

Alhamis: gida

Fijo na hau ƙarfe takwas, goma saura muna Birnin Kebbi. Ban shiga gida ba sai da na je na hana feshi. Daga nan na tara matan, har da Garba, na faɗa musu da bakina cewa mako biyu muka yi muna kashe masu yi mana aiki, kuma ni ce na ja gaba. Garba ya gyara hula.

"Kulu, maimaita. Kunnena na hagu bai ji ba."

Na maimaita masa, da ƙarfi.

Abin da ya riga ya yi fari bai dawo ba. Sauran ya tsira, mun ci har damina. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Tumba da mijinta, da Malam Bello da bai yi dariya a gabana ba. Garba ma na gode masa, amma a rubuce, don na san ba zai iya karantawa ba.